Aikin Autanki a Ofishinmu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi. Mu ma alhamdulillahi, autanki har ya yi ƙiba.

Sai dai akwai magana. A ofishinmu ba a saka aikin kowa cikin manhajar kwamfutar da muke haɗawa sai wani ya duba. Na autanki ni nake dubawa, in gyara kurakuransa shiru. Jiya shugabarmu ta ce, "Tsakaninki da Allah, yaron nan ya iya?" Yaya, bakina ya kasa ƙarya. Ƙarshen wata za a sallame shi.

Ni na roƙa aka ɗauke shi ba gwaji, ina ganin gata nake masa. Yanzu ko gaishe ni ba ya yi. Ki kira shi, amma kada ki yi masa faɗa. Ni za ki yi wa.

Ƙanwarki