Alkyabbar da na yage da hannuna

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Wani abu ne ya faru ranar Juma'ar da ta wuce, na rubuta shi a littafina na kullum har sau biyu, bai zauna daidai ba. Na ga kamar idan ke na faɗa wa zai fi tafiya a miƙe.

Muna nan Alƙahira, a Hayyin Ashir, hawa na huɗu. Keken ɗinkina yana kusa da taga, kuma har yanzu matan Sudan da matan ɗalibanmu ne ke kawo min aiki. Baban Ummi yana lafiya.

Maganar takwararki ce. Kin bar Ummi tana da shekara goma, yanzu tana da goma sha tara, ta shiga jami'a. Hausarta tana nan, amma idan ranta ya ɓaci Larabci ke fitowa.

Tana da wani wasan bidiyo da take yi a kwamfuta. Wata budurwa ce mai takobi take yawo a garin da ya rushe, wata tsohuwa mai fitila tana biye da ita. Shekara uku ina jin ƙararsa daga ɗakinta, ban taɓa tsayawa na kalla ba. Masu son irin waɗannan wasanni suna yin taro a wani babban zaure, kowa ya yi shigar wanda yake so a cikin wasa, su hau dandamali, alƙalai su duba. Ummi ta ba da sunanta a wannan gasa, ita da ƙawarta Tasnim, 'yar Sudan da ke zaune a unguwar Faisal. Ita za ta zama mai takobin, Tasnim ta zama tsohuwar.

Ta roƙe ni na ɗinka mata alkyabbar budurwar. Ta turo min hoto a waya. Na duba launi, na duba tsawo, na rubuta: ruwan ƙasa, yadi uku da rabi, da hula a haɗe. Na ajiye wayar. Cikin kwana biyu na gama, ta ɗauka ta kai gidan su Tasnim, ta ce a can za su ƙarasa sauran. Ban tambayi mene ne sauran ba.

Saura mako ɗaya aka kwantar da kakar Tasnim a asibiti, Tasnim ɗin ce kuma mai jinya. Ummi ta zo ta tsaya a bakin keke, tana wasa da almakashina. Ta ce tunda su biyu suka ba da suna, ba a hawa sai mutum biyu, kuma tsohuwar ba ta magana, tafiya kawai take yi. Na gane ni take so na maye gurbin Tasnim, na ce to. Ita ma ta ce to, ta koma ɗaki.

Kin san yadda kika rene ni, Inna. Ni ce 'yar farinki. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa yaba ni a gaban mutane ba. Ranar da na gama sakandare kika ce min akwai tuwo a kwanon sama. Ban taɓa shakkar kina so na ba, domin duk unguwarmu a Funtuwa haka ake yi. Ni ma haka na riƙe Ummi, ga ta 'yar fari, ga ta mai sunanki. Sai dai a nan ba haka ake yi ba. Maƙwabciyarmu Bamisira tana sumbatar 'yarta a kan matakala tana kiranta zuciyata, ko da burodi ta aike ta saye. Wannan Ummi ta taso tana gani. Na daɗe ina zargin cewa abin da ni na karanta a shirunki ba shi take karantawa a nawa ba.

Ranar Alhamis da safe ta tafi makaranta. Na fita baranda zan yi shanya, sai ga alkyabbar a kan igiya. Bakinta duk ya zazzage. Akwai doguwar yaga uku a baya, da tabo kamar an ja ta a kwata, kafaɗa ɗaya kuma ta ƙone. Abin da ya zo min shi ne ƙofar mota ta kama ta, ko wani ya yi musu ɓarna a can Faisal, yarinyar kuma ta kasa faɗa min don kada na yi faɗa. Na tsaya ina tunanin yadda ta kwana da wannan a ranta ita kaɗai.

Ban kira ta ba. Na ture aikin wata mata gefe. Na wanke alkyabbar sau biyu har tabon ya fita. Na datse bakin na yi sabuwar kalmasa. Na ɗauko ragowar yadin na yi faci ta ciki, da ɗinkin ɓoyen nan da kika koya min a kan tabarmar tsakar gida, wanda sai an ɗaga kaya sama a rana ake ganinsa. Kina cewa, "Zaren da ke reto, tela yake zagi." Ban bar ko ɗaya ba. Na goge ta, na ninke, na ajiye mata a kan gado kafin la'asar. Na rubuta a littafina cewa an gama, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin kaina a lokacin.

Da ta dawo ba ta ɗaga murya ba. Ta fito da alkyabbar a hannu, ta ware ta, ta juya ta. Sannan ta faɗa min cewa mako uku suka yi suna gurza ta da dutse, suna jiƙa ta da ruwan shayi, suna ƙona ta da kyandir. Haka take a wasan. Da yagar ake gane ta.

"Mama, shekara uku," ta ce. "Hoton ma ba ki duba ba. Tsawo kawai kika auna."

Sai ta ce khalas, wato shi ke nan, ba za ta je ba, ta rufe ƙofa a hankali. Da baban Ummi ya ji labari ya ce ni ko tutar yaƙi aka ba ni sai na yi mata kalmasa. Ya yi dariya shi kaɗai, ya ga ba wanda ya taya shi, ya fita masallaci.

Ban san yadda ake ba 'yar fari haƙuri ba. Ba ki taɓa ba ni ba, ni ma ban taɓa jira ba. Abin da na iya shi ne, ranar Juma'a da hantsi na sa kayan tsohuwar. Doguwar riga ce toka-toka, da mayafi a kan hijabina, da sanda, da fitilar da suka haɗa da kwali. Na shafa hoda a gira don ta yi fari. Na sa awo da almakashi a jaka. Na zauna a falo, ban ƙwanƙwasa mata ba.

Na fi awa ɗaya a zaune kafin ta fito shan ruwa. Ta gan ni. Dariya ta taso mata, ta danne. Ta sha ruwanta, ta wanke kofin, sannan ta ce, ba ta kalle ni ba, "A hagu take riƙe fitilar." Na mayar da ita hagu. Ta shiga ta shirya.

A motar haya direban ya kalle ni ta madubi ya ce, "Ya hajja, rana tsaka ce fa, kashe fitilar ki huta." Fasinjoji suka yi dariya. Ummi tana kallon taga.

A ƙofar zauren masu tsaro suka karɓe almakashina, suka bar takubban kwali suka wuce. Ciki kuwa, Inna, ban san da me zan kwatanta miki ba. Wani mai sulke ya ɗaga murfin kwalkwalinsa yana cin koshari, shinkafar nan tasu mai taliya. 'Yan mata sun ɗora shuɗin gashi a kan hijabi. Wani ƙato mai fukafukai ya maƙale a ƙofar banɗaki, mutum biyu suna juya shi. A wani lungu an shimfiɗa darduma, wani ya cire ƙahonsa ya ajiye kusa da takalmi yana sallah. Ba wanda ya kalle ni sau biyu. Na daɗe ban shiga taro a garin nan ba tare da an tambaye ni daga ina nake ba.

Na ƙirga mutum huɗu masu shigar budurwar nan. Duk alkyabbarsu tsumma ce. Ta Ummi kaɗai ke tsaye da karin guga, kamar za a kai ta gaisuwar surukai. Wata yarinya ta tsaya ta ce, da zuciya ɗaya, ai wannan kafin a fara yaƙin ce ke nan. Ummi ta yi mata murmushi. Da yarinyar ta wuce ta ce min za mu zaga kawai mu koma, ba za ta hau ba. Saura awa ɗaya da rabi a fara kira.

A can gefe akwai teburin gyara, inda wata mata mai kamar shekaruna take zaune da allura da gam da fil, duk wanda kayansa suka ɓalle ya zo ta taimaka masa. Na ce wa Ummi ta ba ni wayarta. Na zauna na buɗe hoton, na ƙara girmansa, na dube shi kamar yadda nake duba samfurin da aka kawo min. Yagar farko ta taso daga kafaɗar hagu ta sauka ƙugu a karkace. Sauran biyun sun fi gajarta, kuma ba su yi daidai da juna ba. Na auna, na rubuta a bayan takardar shiga.

Na tambaye ta me ya yi wannan. Ta ce wata dabba ce a bakin rijiya. Na tambayi ƙunar kafaɗar. Ta ce lokacin da budurwar ta ɗauko tsohuwar daga gidan da ke cin wuta ne. Na ce ashe ni aka ɗauko. Ta ce eh, kuma ina da nauyi. Daga nan ta ja kujera ta zauna.

Na ari almakashi. Na yi jinkiri kafin yankan farko, don ɗinki ne mai kyau, ban taɓa yin facin da ya kai shi ba. Na yi bismillah na tsaga. Bayan haka abin ya zo da sauƙi, domin wanda ya san inda zare ya bi ya fi kowa sanin inda zai yage. Na warware kalmasar, na riƙa zare zaren bakin da allura ɗaya bayan ɗaya. Ummi ta sayo shayi kofi uku ba sukari, muka yayyafa, muka murza a ƙasan takalmi. Matar teburin ta ba mu ashana. Ta ce tun da take zama a wurin nan ba ta taɓa ganin wanda ya zo ɓata kaya ba sai ni, kuma ma'alish, wato na yi haƙuri, amma na iya.

Muka hau. An ce min na bi ta da taku uku a baya, na ɗaga fitila idan ta zare takobi. Na ɗaga da wuri. Ban sani ba ko hakan ya rage mata maki, na yi ta juya shi a raina tun daga ranar. Ba mu ci komai ba. Wani mai sulken ƙarfe na gaske ne ya ci, kuma ya cancanta.

Kafin mu sauka ɗaya daga cikin alƙalan ta kama bakin alkyabbar ta juya shi, ta tambayi wa ya yi. Ummi ta nuna ni ta ce, "Mamata." A lasifika ta faɗa, zauren duka ya ji. Ni kuwa na kalli ƙasa.

A hanyar dawowa, alkyabbar tana warin shayi da ƙauri a cinyarta, ta ce, "Mama, yaya kika gan ni?"

Na ce ba laifi.

Ta gyaɗa kai ta koma kallon taga. Na san ba amsar da take jira ba ce. Tun daga wurin har muka hau bene ina neman wata, bakina bai buɗe ba. Kwana huɗu ke nan. Muna gaisawa, muna cin abinci tare, ba ta sake tambaya ba.

To ga yadda na gan ta, Inna. Ina bayanta da taku uku, don haka na fi kowa gani. Ta ɗan tsaya da za ta hau, amma ta hau. Da ta juya ta zare takobin kwalin nan, tsumman ya tashi a bayanta, mutanen da ba su san ta ba suka miƙe suna tafi. Tsayuwarki ta yi, irin wadda kike yi a bakin ƙofa idan an taɓa ɗayanmu. Na ɗaga fitilar da wuri ne don na manta da abin da aka ce min, kallonta kawai nake yi. Ban taɓa ɗinka wa kowa abin da na yi alfahari da wanda ya sa shi kamar ranar ba. Jikarki ta yi kyau, kuma tana da zuciya, kuma na ji kunyar shekara ukun da na yi ban leƙa ɗakinta na tambaye ta ba.

Ban bar wannan a littafina ba. Na sa wasiƙar nan a shafina na intanet, inda masu kawo min ɗinki suke gani, inda Ummi ma take gani. Tana karanta Hausa a hankali, bakinta yana motsi, amma tana kaiwa ƙarshe. Ni dai ke nake faɗa wa, Inna, ban karya abin da kika koya min ba. Idan wata ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ba zan rufe ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya yalwata makwancinki, ya saka miki da duk abin da kika yi mana ba ki faɗa ba. Allah ya raya takwararki, ya ba ta haƙuri da uwar da ta samu.

'Yarki ta fari,
Binta