Wuyan Jitar Mai Tsawa

Uwata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da amaryata mai wawulo. Na iso. Kwana uku a mota, gwiwoyina sun kumbura suntum, amma ko da rarrafe ne da sai na zo. Shekara arba'in ina walda da kiɗan Mai Tsawa a kunnena, kaset ɗinsa har sun gaji da ni, ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Gobe da la'asar zai yi wasansa na ƙarshe, wai yatsunsa sun fara ƙi.

Ke da kike cewa kiɗan rok hayaniyar mahaukata ce, bari ki ji. In ya gama wasa, ɗaga jitar yake ya maka ta da ƙasa, ya cilla wuyanta cikin jama'a. Wanda ya cafe, nasa ne. A masaukinmu akwai wani mai haƙora uku da ke taƙamar a wajen rububin ya zubar da sauran.

Na san abin da za ki ce. Alkawarin da na yi miki ranar da aka binne mahaifiyarki yana nan: hannuna ba zai sake tashi a kan ɗan Adam ba, in ya tashi ki rufe mini ƙofarki. Shekara goma sha ɗaya ban karya ba, ba zan karya a kan guntun katako ba. Kallo na zo.

Direban da ya kawo mu zai miƙa miki wannan. Ki huta lafiya.

Babanki

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasa ya yi kyau. Na samu wuyan jitar. Zan ɗan ƙara kwanaki, kada ki damu.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka cikin girmamawa, da fatan Allah ya ƙara maka lafiya. Jikarka tana tambayar angonta kullum.

Takardarka ta biyu ta iso, amma ba rubutunka ba ne. Naka ba ya tsayawa a kan layi. Kuma mutumin da ke cika shafi biyu a kan sayen batir ba ya ba da labarin Mai Tsawa a layi uku. Takardar tana warin maganin da muke wanke rauni da shi. Shekara tara ina aikin jinya, ba a ɓoye mini wannan warin. Na tambayi direba, ya tsura wa tayar motarsa ido.

Hankalina a tashe yake, ban iya cin abinci ba. Tambaya biyu gare ni, ka amsa duka: me ya samu hannunka, kuma wa ka daka?

Ka huta lafiya.

'Yarka

*

Uwata,

Ina gaishe ki. Kin kama ni, ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata mai aikin jinya irinki ce a nan asibitin take rubuta mini.

Ban taɓa ganin irin ranar ba. Mai Tsawa ya fito yana ɗingishi, kai fari fat, amma da ya taɓa waya ɗaya a jikin jitar sai da ƙirjina ya girgiza. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Da ya gama ya maka jitar sau uku, ya cillo wuyan, sai ga shi a kaina. Wallahi ban nema ba, shi ya zo.

Na cafe gindin, wani tsoho sa'ana ya cafe kan. Mutane suka danno, aka tattake wata mata, wani ya fasa kwalba a kan wani. Ni da tsohon nan muka zube ƙasa ba wanda ya saki. Wayoyin suka naɗe mini yatsu, yana ja suna yanka, ina jin su har ƙashi. Na ce, "Saki, malam, nawa ne!" Ya ce, "Kwana biyar na yi a hanya, sai dai ka kashe ni!" Ya gantsara mini cizo a wuyan hannu. Daga nan idona ya rufe. Na fizge katakon na sauke masa a fuska. Na ji ƙarar karyewa, na kuma ƙara masa biyu. Mutum huɗu suka ɓamɓare ni daga kansa.

An cire mini yatsu biyu. Shi kuwa muƙamuƙinsa ya karye gida uku, an ɗaure masa baki da waya. Gadonsa na kusa da nawa, akwai ɗan sanda a bakin ƙofa. Ki duba fa, shi ya fara cizo. Kowa ma a wurin da haka zai yi.

'Yarsa ta zo jiya. Ba ta ko kallona. Tana ƙoƙarin ba shi madara da cokali, tana zubewa a wuyansa, yana ƙwarewa, ita tana kuka. Abin ya dame ni. Ke da kika karanta, yaya ake ciyar da irinsa? Ki rubuto in sa a gaya mata. Ki kuma gaya mini yaushe zan zo in ga amaryata.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka. Allah ya ba ku sauƙi, kai da shi.

A ce mata ta zaunar da shi sosai, ta bar cokali. Ta samu sirinji babba ta cire allurar, ta zura ta gefen kumatu, can bayan haƙora, kaɗan-kaɗan, ta jira ya haɗiye. In ya yi kuka ta dakata, kuka na sa ƙwarewa. Sati shida ne.

Ba a makaranta na koya ba, Baba. Ina shekara tara na koya, a kan muƙamuƙin Inna, kai kana shago kana jin kaset.

Kada ka zo.

'Yarka