Bencin Nawal

Bur Sa'id

Zuwa ga ƙanena Sabri,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Samira da yara. Gaisuwar ke nan, ta ƙare.

Fathi mai gadin bakin tafki ya zo garin nan wata ta'aziyya, shi ya gaya min abin da kake yi wa jirginmu na ruwa. Ka cire rumfa, ka cire akwatin ƙanƙara da murhun shayi, wai don ya yi sauƙi ya ja ka da igiya a kan katakon zamiya bisa ruwa. Ya ce yanzu bencin baya kake zagayawa da sukudireba.

Jirgin namu ne mu biyu, amma bencin nawa ne. Ni na sa aka yi wa matata Nawal shi da bayanta ya fara ciwo, a kansa take zama tana yanka mana mangwaro har shekarar da ta rasu. Ka taɓa shi, ba ni ba kai.

Kuma ka duba madubi. Ba jirgin ne ya ƙara nauyi ba.

Wassalam,
Ra'afat

Isma'iliyya

Yaya Injiniya,

Wa alaikumus salam. Samira na gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko har yanzu wayarka na cikin durowa. A duk ƙasar nan ni kaɗai nake sayen kan sarki saboda kai.

Ban taɓa bencin ba, aunawa na yi kawai. Katakon ya kusa nauyin mutum. Ranar Juma'a Fathi ya ja ni: inji na ihu, hancin jirgi a sama, ni kuma ina ƙasa ina shan tafkin Timsah. Wata mata a gaɓa ta tambayi mijinta ko bauna ake ceto. Fathi ya ce mu sayi babban inji. Me ka gani?

Ƙanenka mai biyayya wani lokaci,
Sabri

Bur Sa'id

Sabri,

Sallama.

Babban inji! A jikin katakon jirgin da ya girmi 'ya'yanka? Ranar farko zai ɓalle bayan jirgin ya tafi da shi, ya bar ku kai da Fathi kuna kallon juna. Na ƙarar da ƙuruciyata ina karatun injin ruwa a Iskandariyya, na ƙare ina sa hannu a takardu a ƙarƙashin yaran da ba su taɓa shafa mai a yatsa ba, yau kuma ɗan'uwana ya fi son shawarar mai gadi.

Farfela ce matsalarka. Wadda ke jiki ta gudu ce, kamar ka tayar da mota a giyar ƙarshe. Amma ba zan gaya maka wadda za ka sa ba. Ka haura sittin, rabonka da zamiya tun kafin auren 'yarka. Wa kake so ka burge? Kowa ya kwashe abin da zai kwasa a hannuna, aiki, gidanmu na gado, har titin unguwarmu an sake masa suna. Benci ɗaya ya rage min, shi ma ka sa masa ido don wasan yara.

Ka mayar da rumfar.

Ra'afat

Isma'iliyya

Yaya,

Barka da war haka. Ba wanda nake so in burge. Ciwon sukarin nan ya gama da ƙafata ta hagu, jini ya daina sauka. Bayan Babbar Sallah za su yanke ta daga ƙasan gwiwa. Likita ya hana ni shiga ruwa, Samira ma ta hana, na ce musu na ji.

So nake in miƙe a kan ƙafar nan sau ɗaya, in zagaya tafkin, kamar lokacin da kake tuƙi Nawal na daga benci tana yi maka tsawa ka rage gudu. Idan ka ce a bar bencin, an bar shi. Na mayar da rumfar.

Allah ya bar mu tare,
Sabri

Bur Sa'id

Sabri,

Assalamu alaikum. Kai jaki ne, kuma tun kana yaro sai a wasiƙa ta biyu kake faɗin gaskiya.

Ka sake cire rumfar. Ka nemi farfela mai fukafukai huɗu, mai gajeren taku. Gudu zai ragu, amma za ta fizge ka daga ruwa. Igiya kuma a ɗaura ta a sandar ƙarfe a tsakiyar jirgi, ba a baya ba. Tankin mai ya koma gaba. Fathi ba zai tuƙa ka ba, bai san lokacin da ake sakin wuta ba. Ina zuwa ranar Alhamis.

Bencin kada ka taɓa shi. Notinsa sun yi tsatsa, za ka tsaga katakon. Ni zan kwance shi.

Ka daina cin basbusa, kek ɗin nan mai shan sukari, kafin in iso.

Yayanka,
Ra'afat