Albasa Mai Kaurin Wuya

Jega, daren Laraba

Asma'u ta gama allon ƙarfenta na farko! Jikata ta yanka sunan ƙungiyar manoman albasa na Aliero da injin nan mai huda ƙarfe da wuta, na karanta da kaina. Makarantar daren da na shiga ta yi rana.

Amma barci ya ƙi zuwa. Hoton albasar da ta huda a tsakiyar allon wuyanta ya yi kauri, irin wadda ke fara ruɓewa a rudu, ma'ajiyar albasa. Ƙarfe kuma ba ya komawa. In suka ƙi karɓa, wa zai sake ba ta aiki?

Da na faɗa mata, ta ce, "Haba tsoho, ta ƙarfe ce, ba ta ruɓewa!"

Jibi za a kafa shi. Kowa ya zo ya gani, har danginmu na garin Maiyama. In dariya za a yi, a tarar da mu tsaye bayanta.