Gaiwar da ta farka a tankinmu

Inna Shafa'atu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Ni Kirista ce, muna zaune a wani ƙauye kusa da Danja. Maigidana Atu manomi ne, amma irin mutanen nan ne da ba sa wuce juji ba su leƙa ba. Bara ya kinkimo mini wani ƙaton tankin ruwa na roba da aka yar a gidan gona don bakinsa ya tsage. Ya yanke samansa, ya fafe gefe ɗaya, ya sa gilashin tsohuwar mota ya liƙe da kwalta. Wai kifi zai zuba mu riƙa kallo. Ni kuwa a miya na san kifi.

A watan Maris yana haƙar ƙasar gini a fadama ya tono wani curin laka busasshe ƙayau, da gaiwa naɗe a ciki kamar tsohuwar igiya. Ya zuba ruwa a tankin ya jefa curin a ciki, na ce aikin banza. Can da la'asar ina shara na waiga, sai na ga lakar ta narke, abin nan yana warwarewa a hankali. Ya taso saman ruwa ya shaƙi iska kamar mutum. Inna, fadamar nan wata biyar ba ta ga ɗigon ruwa ba! Na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu ina hawaye. Tun da nake ban taɓa ganin kifi ta gefe ba, yana tafiya da 'yan ƙafafu kamar zare.

Mutane suka fara zuwa kallo. Sai wata tsohuwa, Tasalla, wadda har yau take kan al'adar kakanni, ta ajiye ƙwai da ludayin fura a gindin tankin ta tafi. Kakan Atu kuwa, kafin gidansu ya shiga addini, maciji yake ajiyewa a rumbu yana zuba masa nono, kowa ya sani. Nan da nan magana ta zaga gari cewa jika ya koma tsafin kakansa. Dattawan ikilisiya sun aiko: ko mu fasa tankin cikin mako biyu, ko a hana mu cin jibin Ubangiji a coci, ni kuma a cire ni daga zumuntar mata. Atu ya kafe, ya ce ba zai fasa ba.

Ga abin da ko shi ban faɗa wa ba. Kullum kafin in hura wuta sai na je na tsaya gaban gilashin nan, zuciyata ta cika fiye da yadda take cika wani lokaci a coci. Ina jin tsoro. Ko dattawan nan gaskiya suka gani a kaina?

Mai Damuwa, Danja

'Yata, kwantar da hankalinki. Ba addininmu ɗaya ba, amma ni da ke mun yarda da Mai rayar da matacce. Kin ga halitta ta kwana wata biyar a busasshiyar ƙasa ta tashi, kin yi kuka. Da ba ki ji komai ba ne zan damu. Tambayi kanki abu ɗaya: kin taɓa roƙon gaiwar nan wani abu? In ba ki taɓa ba, kallo kike yi, ba bauta ba.

Amma kada ki raina dattawanku. Sun ga rumbun kakan mijinki da idonsu, kuma ƙwan Tasalla ba mafarki ba ne. Ku daina karɓar irin wannan ajiya, ki mayar mata da nata cikin ladabi. Ku fito da tankin ƙofar gida inda ba ɓoyo, ku gayyaci dattawan su leƙa da kansu. Kada ku cika shi fal, gaiwa tana bukatar iska. Ku sa raga a kai, don tana cizo.

Sannan Atu ya rage taurin kai, ya roƙi dattawan su ɗaga masa wa'adin zuwa ruwan farko. Ran da fadama ta cika, ku ɗauki gaiwar da rana tsaka, a gaban kowa, ke da hannunki ki sake ta. Zai yi miki ciwo, na sani. Amma ran nan ke da gari duka za ku san amsar tambayarki, don ba wanda ke sakin abin da yake bauta wa.

Allah ya ba ku damina mai albarka, ya bar ku tare da jama'arku.

Inna Shafa'atu