Zuwa ga Baba, a Kan Bashen da Ka Bari

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Damina biyu ke nan da tafiyarka. Muna nan lafiya, sai dai gajiya. Na rubuto ne in ba ka labarin motarka, don na san da za a ba ka damar tambaya ɗaya, ita za ka fara tambaya kafin mu.

Bashen, wato a-kori-kurarka, ta daɗe a inda ka kafe ta, gindin bishiyar bedi, buɗaɗɗen bayanta ya zama ɗakin kwanan kaji. Ta girme ni da shekaru, kuma ta fi ni gata. Tun bayanka take zubar da baƙin mai, har Inna ta sadaukar mata da tsohuwar tasa.

Yaya Sanusi ya ce a sayar wa masu sayen ƙarfe su yanka. Inna ta ce ba za a sa wa motar mijinta wuta ba tana raye. Aka yi ta ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: in ta je gonarka ta Yekuwa ta kwaso geron bana da ƙafarta, ta zauna. In ta kasa, Sanusi ya kawo mutanensa. Ba wanda ya tambaye ni. Ni na tsoma kaina, don ina koyarwa a lise, wato sakandare, kuma mai digiri ba ta ganin abu ta ƙyale.

Ka tuna ba ka taɓa barina na riƙe kilen kwance noti ba. Su Sanusi ka koya wa, suna hamma. Ni kuwa ina zaune kan tsohuwar taya ina kallo, sai ka ce, “Matsa, 'yar lakwal, 'yar boko, kar ki ɓata riga.”

Na je garaj wajen amininka Malam Idi. Idonsa ya yi rauni, amma kunnensa na nan. Ya ce yoyon daga kaskon ƙasa yake, inda mai ke taruwa, juwan ɗin, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin kaskon da inji, ya mutu. Irinsa kuma ba a samu, ko an tsallaka iyaka. Ya ce mu yi irin naka: a samo kwali mai kauri, a ɗora kan bakin kaskon, a bi shi da ƙaramar guduma a hankali har siffar ta fito da ramukanta, a shafa ɗan kwal, gam ɗin liƙe inji, sama da ƙasa.

Na ce masa wannan aikin dā ne. Na kwana biyu ina karatu a waya, na san sunayen kwal kala uku: baƙi mai jure mai, ja mai jure zafi, da ruwan toka. Na zaɓi jan, don kwalinsa ya fi yawan alkawari. Malam Idi ya ce, “To, Madam, ke kika yi karatu.” Na ɗauka yabo ne.

A kan filtir, matatar mai, kam ban yi gardama ba. Mai kanti a Magarya ya jera mini uku, ya rantse kowanne ɗan asali ne, har da wanda aka rubuta sunansa da kuskure. Sai na yi abin da na sha ganin kana yi. Na auna kowanne a tafin hannu. Na leƙa ramukan in ga ko akwai robar nan da ke hana mai komawa. Na girgiza a kunne. Mai tsadar ya yi ƙara kamar gyaɗa a ɓawo, na ajiye. Na ɗauki na tsakiya, mai nauyi, marar kyan kwali. Mai kantin ya dube ni ya ce, “Ke 'yar gidan wa ce?” Da na faɗa masa sai ya daina rantsuwa.

Kwal ɗin ni na matsa da hannuna. Kullum kana cewa, “Kamar kwalli ake sa shi, ba kamar lalle ba.” Ina sane da maganar. Amma na ga inji ya tsufa, bakin kaskon duk zane, na ce yawa ba ya ɓata. Na zuba masa tamkar ana shirya amarya. Da aka ɗaure, ja ya tumbatso ta waje gwanin kyau. Ban tambayi kaina ina wanda ya tumbatsa ta ciki ya nufa ba.

Muka kama hanyar Yekuwa da hantsi, Malam Idi na tuƙi, ni da Inna a gefe. Ba mu ci rabi ba jar fitilar mai ta kama. Ya kashe inji tun ban buɗe baki ba. Amalanken shanu ce ta jawo mu gida, Baba. Duk wanda ya san ka a hanyar nan ya fito ya yi mana sannu, wasu har sau biyu.

Da aka sauke kaskon, rariyar da ke tsotsar mai ta toshe da jajayen zaruruwa kamar tsutsa. Malam Idi ya tsince su ɗaya ɗaya ya zuba mini a hannu. Sai da ya duba filtir ɗin ya ce, “Wannan kam zaɓin ubanki ne.” Sauran ya bar mini.

Muka sake, da kwali da guduma. Yatsa ɗaya na kwal, baƙi, ya isa. Sanusi ya ce a ba mu dama ta biyu, don ya tabbata ba za mu kai ba.

Mun kai. Mun loda gero har ya fi kan mota, muka dawo muna rarrafe, ko ɗigo ba ta zubar ba. Sai dai akwai wani ɗan bugu can cikin inji wanda babu shi a dā, ladan 'yan mintocin da ta yi babu mai. Na yi zaton ni da Malam Idi kaɗai ke jin sa.

Da muka tsaya a ƙofar gida, Inna ba ta sauka nan da nan ba. Ta daɗe hannunta na kan ƙofa, sannan ta ce, “Ba muryarta ba ce wannan. Shekara talatin ina gane shigowarsa tun daga bakin kasuwa.” Ta ce kar a yanka, kar kuma a wahalar da ita. A ba Idi, ya cire abin da zai ciru ya rayar da 'yan uwanta da suka rage a hanya.

Jiya aka ja ta. Ban san ko hannuna ne ya ƙarasa ta ko shekaru ba, Malam Idi kuma ya ƙi faɗa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne sauƙin da na ji. Na gaji, Babana. Ashe ba motar nake ta liƙewa ba, kuma kai ka fi kowa sanin akwai yoyon da kwal ba ya tsayarwa.

Ka yafe mini gardamata. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya sa nauyin da ka ɗaukar wa mutane a hanyoyin nan ya zama nauyin mizaninka. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya sada mu a inda ba abin da ke tsufa.

Taka har kullum,
Rabi