Igiyarka Ta Rufin Motar Baba

Zuwa ga Yayana Sale, a Gashuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Binta da yara baki ɗaya. Mu ma nan Nguru lafiya lau muke, sai zafin bazara da ka sani.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a bainar jama'a, alhali tsakanin Nguru da Gashuwa ba tafiyar da ake yi wa guzuri ba ce. To, na kira wayarka sau uku ba ka ɗaga ba, kuma ban yi mamaki ba, tunda nono ɗaya muka sha, taurin kan ma gado ne. Amma na san mutanen Gashuwa. Kafin ka idar da la'asar wani zai tare ka a ƙofar masallaci ya ce ƙaninka Habu ya rubuto maka. Da su na dogara.

Maganar rufin motar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna koriyar jif ɗin nan, wadda ake kwance rufinta na ƙarfe a ɗauke shi ɗungurungum, har da tagoginsa biyu na gilashi. Da kaka ta kama Baba zai cire shi, don damman geron Yusufari da kwandunan bandar kifi ba sa shiga ƙarƙashin rufi, sai an tula su sama a ɗaure. Da hadarin farko ya leƙo daga gabas kuma, sai a mayar. Sau biyu a shekara ke nan, kuma a gidanmu ranakun nan biyu sun kusa kamo ranar sallah.

Mutane da yawa masu irin motar, jingine rufin suke yi a bango, awaki su hau, kaji su yi ƙwai a ciki. Baba kuwa cewa yake, “Rufi ba ya kwana a ƙasa.” A garejin da ke jikin zaure yake rataye shi, a jikin azarar giginya, da igiya huɗu, kowace kusurwa da tata. Inda igiya za ta goga da ƙarfe sai ya sa guntun tsohon tif na taya. Gilasan a naɗe su da buhu. Notuna goma sha biyu a zuba a gwangwanin madara, a ɗora a kan taga, kuma kaiconka in aka nemi ɗaya aka rasa.

Robar bakin rufin, hodar Inna yake barbaɗa mata don kada zafi ya tsattsaga ta. Shekarar da na ga kamar na fi shi dabara na shafe ta da man gyaɗa, ai ba ka manta ba. Kwana uku ɓeraye suna biki. Wata guda kana kirana mai ciyar da ɓera, har a gaban abokaina.

Igiya huɗu, mutum huɗu. Baba a gaba ta dama, kai a gaba ta hagu, ni a baya. Ta huɗun kuwa, Baba ba ya yarda bare ya taɓa masa rufi, don haka sai ya ja ƙofar garejin ya rufe, kada masu wucewa su gani, ya leƙa cikin gida ya kira Inna. Za ta fito tana goge hannu a zani, tana mitar an tashe ta daga kan tukunya, ta sha ɗamara da gyale, ta kama igiyarta. Mu uku muna nishi, ita ko a jikinta. Hannun da ya shekara talatin yana daka gero ba rufin mota ne zai ba shi tsoro ba. Takan ce, “Maza uku, amma sai an kira mai tuwo.”

Kafin a ja, Baba zai dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “A ɗaga tare, a sauke tare. Wanda ya riga, shi ya fasa gilashi.” Sannan ya yi bisimilla. Idona a kanka yake, don kai kake kallon Baba, ni kuma kai nake kallo. In ka ja taku ɗaya, na ja ɗaya. Haka rufin zai tashi a hankali yana ɗan lilo, har ya tsaya daidai, kowa ya ɗaure tasa a turken ƙarfen da ke bango.

Kai kaɗai kake irin naka ƙullin, wanda ka koya wajen masuntan Gashuwa lokacin da kake zuwa hutu gidan Kawu. Ba ya zamewa, kuma ba mai iya kwance shi sai kai. Na roƙe ka ka koya mini ya fi sau nawa, kullum sai ka ce sai na girma. Yanzu ga furfura a gemuna, Yaya, ko har yanzu da saura?

Bayan an gama, Inna za ta kawo fura a ƙwarya, mu zauna a bayan motar da ba rufi, ƙafafu a miƙe, Baba yana ba mu labarin ranar da ya kafe a yashin hanyar Machina, raƙuma suka jawo shi. Kowace shekara raƙuman ƙaruwa suke yi. Ka taɓa raɗa mini cewa in Allah ya ja kwanansa sai sun kai garke, na ƙware da fura, Baba ya ɗauka tari ne ya yi ta buga mini baya.

Kakar da muka rataye rufin na ƙarshe ba mu san ita ce ta ƙarshe ba. Kafin damina Baba ya rasu. Inna ta bi shi kafin shekara ta zagayo.

Sauran labarin ka fi ni saninsa, amma bari in faɗe shi da bakina, tunda ban taɓa faɗa ba. Kana Machina wajen cinikin dabbobi, wani mai fataucin kifi daga Gashuwa ya zo ya taya motar. Rufin bai dame shi ba, kaya zai ɗauka. Ni kuwa kullum na buɗe garejin na gan ta tsaye sai ƙirjina ya yi nauyi. Na ce a raina ai kai ma za ka so a rabu da ita, na sallama, ban jira ka ba. Kwana huɗu kawai ya rage ka dawo.

Na tuna yadda ka tsaya a bakin ƙofa da jakarka a kafaɗa, ka dubi shatin tayoyi a ƙasa, ka ɗaga kai ka dubi rufin yana rataye a kan babu. Ba ka yi faɗa ba, da ma faɗan ka yi. Cewa kawai ka yi, “Ka riga, Habu.” Kafin wata ya mutu ka kwashe iyalinka ka koma Gashuwa.

Shekara tara ke nan. Mukan haɗu a ta'aziyya da ɗaurin aure, mu yi musafaha, mu tambayi yara, kowa ya nemi takalminsa. Mutane suna ganin lafiya muke. Ni na san ban ƙara jin ka tsokane ni ba, kuma wallahi na yi kewar a kira ni mai ciyar da ɓera.

Shekara tara ina gaya wa kaina ai mota ce kawai, ƙarfe ne, ba ta kai a yi fushi ba. Ƙarya nake yi wa kaina. Da ƙarfe ne kawai, da tuni na ba ’yan gwangwan rufin, ga su nan kullum suna leƙe suna tayi. Ban kyauta maka ba, Yaya. Hakkinka ne a jira ka, ban jira ba. Ka yafe mini.

An gaya mini motar tana nan da ranta, tana jigilar kifi a gabanka, kuma duk ranar da ta ƙi tashi kai ne kake naɗe hannun riga ka leƙa injinta, ba a kira ka ba. Da na ji haka na yi dariya, daga baya na shiga garejin na zauna na daɗe.

Yanzu ga abin da ake ciki. Gara ta ci azara biyu, ɗaya har ta lanƙwasa. Magini ya duba ya ce ginin ba zai ɗauki wata daminar ba, dole a sauke rufin motar a yaye saman garejin kafin ruwa ya sauka. Shekaranjiya kuwa an yi walƙiya ta gabas.

Igiya uku kam, tun bara na tokare rufin da itace na sauya su. Taka ban taɓa ba. Ta tsufa, ta fara zarewa, amma ƙullin yana nan yadda ka bar shi. Magini ya ce in sa wuƙa kawai in huta. Na ce masa a'a.

Hajara, matata, ta ce za ta kama ta Inna, har ta fara cika baki. Babban ɗana Sadiƙu, wanda ka bari yana firamare, yanzu ya fi ni tsawo, shi zai tsaya a wurin Baba. Ni ina nan a baya inda ka san ni. Maƙwabta sun yi tayin hannu na huɗu, na yi musu godiya.

In an sauke, abin da za a yi da shi kai za ka faɗa. Ko a kai wa mai kifin a ɗora wa motar, ta daina shan ruwa tsirara, ko a sake rataye shi in an gyara ginin. Wannan karon ba zan ce uffan ba sai ka ce. Gwangwanin madarar yana kan taga, na duba jiya, notunan sun cika.

Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya haskaka kabarinsu, ya sa Aljanna ce makomarsu. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sanyaya zuciyarka a kaina, ya kuma riƙe mana ruwan nan har ka iso.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan buɗe garejin. Za a dama fura. In ba ka samu zuwa ba, zan sake buɗewa Juma'a ta sama. Ko azarar za ta karye, rufin ya faɗo gilasan su tarwatse, ba zan sa wa igiyarka wuƙa ba.

Ni ne ƙaninka mai jiranka,
Habu,
Nguru.